Motar da Baba Ya Yi wa Zankwaye

Ranar da maigidana ya kawo motar nan ina kan keken ɗinki, ina fama da rigar wata mata da ta matsa mini lamba. Ƙara na fara ji kamar ana daka a turmin ƙarfe, sai kuma hayaniyar yaran lungu. Na leƙa ta taga, na ga wata doguwar aba, ita ba bas ba, ita ba lori ba, ta toshe bakin lungunmu na unguwar Nuzla a Jidda. Shi kuma gogan yana bayan sitiyari yana washe baki kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Direban lori ne a tashar jiragen ruwa, yana kwasar kaya daga bakin jirgi zuwa sito. A can ya haɗu da wani Bature injiniya da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu, shi ne ya sayar masa da ita. Irin motar da ake kwana a ciki ce: da gado, da ɗan tebur mai naɗewa, da risho, da kabad, da wurin wanke hannu, har da labule a tagogi. Farkon shekarun saba'in ne, ni ban taɓa ganin irinta ba, maƙwabta ma haka. Launinta kuwa sai dai a yi hasashe. Wai da can shuɗiya ce.

"Kin ga gida, kin ga mota, kuɗi ɗaya," in ji shi. "Madina za mu, Ɗa'ifa za mu, ba kuɗin masauki."

Na ce, "Malam, da abar kirki ce da Baturen ya tafi da kayansa."

"Kusan kyauta fa ya ba ni."

"Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Ɗa'ifa kam mun nufa, sau ɗaya. Na soya kaza, na dafa shinkafa, yara biyar suka yi ta tsalle a kan gadon Bature. Muna isa gindin dutse, inda hanya ta fara hawa, motar ta yi tari, ta yi tururi, ta tsaya. A nan muka cinye kazarmu muna kallon Ɗa'ifa daga ƙasa, wani mai lori abokin aikinsa ya jawo mu da igiya har gida.

Daga nan aka shiga hidima. Mai ba a maganarsa, a wancan zamanin ruwan sha da mai jaki ke kawo mana ya fi mai ba ni ciwon kai. Sauran kayan ne masifa. Tayoyinta ba irin na kasuwarmu ba ne, sai an roƙi ma'aikatan jirgi su taho da su daga wata uwa duniya. Batir ya mutu, a sayi wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. A gyara lagireto, famfon ruwa ya ce shi ma ga shi. Bakaniken unguwa ya riƙa gaishe ni da ladabi na musamman, don ya san rabin cefanensa daga gidanmu yake fitowa. Ga kuma iskar Jidda mai gishiri da laima, wadda ko allura ka manta a waje sai ta yi ja. Kafin shekara ta zagayo tsatsa ta huda gefen motar, har kana iya zura yatsa. Duk sanda maigida ya shigo yana sosa ƙeya na san me ke tafe, nakan ce masa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sannan in miƙa masa abin da ya samu.

A ƙarshe aka tura ta wani ɗan fili da ke bakin lungu, aka sa mata duwatsu a ƙarƙashin taya. A nan ne mahaifina ya shigo labarin.

Baba magini ne daga ƙasar Zazzau. Yana saurayi ya baro gida da niyyar aikin hajji, ya taho a ƙasa, yana tsayawa gari gari yana gini ya sami guzuri. A Sudan ya yi aure, a can aka haife ni, ina goye aka ƙetaro teku da ni. A Jidda ya ci gaba da sana'arsa har ƙarfinsa ya ƙare. Da mahaifiyata ta rasu muka dawo da shi wurinmu. Ɗaki biyu gare mu na haya, shi da jikokinsa maza suke kwana a ɗaya, wannan ya ɗora masa ƙafa a wuya, wancan ya tuntsurar masa da buta. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini.

Da barcin ƙailula a cikin motar ya fara. Ya ce motar ta fi iska. Sai tabarmarsa ta bi shi, sai buta, sai rediyo, sai akwatin kayansa. Gadon Bature bai yarda da shi ba, ya ce wannan ba gado ba ne, tarko ne, a ƙasa yake shimfiɗa. Ba a jima ba tsofaffin abokan aikinsa suka gano wurin. Da la'asar sai ka gan su jere a inuwar motar suna shan shayi, suna gardama a kan wanda ya fi wani shan wuya a hanyar Sudan. Ni dai ban fasa cewa a sayar da ita ba, ko da masu sayen ƙarfe ne.

Wata rana umda, wato mai unguwarmu, ya yi sallama. Mutumin kirki ne, Balarabe, ya san Baba tun yana yi musu gini. Ya ce masu tsabtace gari sun fara kwashe matattun motoci daga kan hanya, bayan Sallah za su iso Nuzla da janwe. Duk motar da aka gani da tsatsa da sacewar taya, za a ja ta a kai juji.

"In kuna sonta ku gyara ta," in ji shi. "Ku yi mata fenti, a ga tana da mai ita. In ba haka ba, shi ke nan, ba abin da zan iya."

Maigida ya je wurin mai feshin fenti a gareji. Kuɗin da aka faɗa masa ya haura hayar gidanmu ta watanni. Ya dawo yana kallon gwangwanin da nake ajiye kuɗin adashina, waɗanda nake tarawa don in sayi keken ɗinki mai lantarki. Na ce masa ko da wasa kada ya sake kallon wajen. Na ce su zo su ja ta, faɗuwa ta zo daidai da zama, mu ma mu huta. A gaban Baba na faɗa. Baba mutum ne mai magana, ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya yi wa'azi a kai, amma ranar kansa na kan kwanonsa. Ya gama cin abincinsa, ya ɗauki sandarsa ya koma mota.

A makon aka tura maigida kai kaya Riyad. Washegarin tafiyarsa na tashi na ga amalanken mai ruwa a bakin lungu, ba ruwa ya ɗauko ba, jar ƙasa ce daga kwarin bayan gari. Sai ga buhun farar ƙasa, ga ciyawa daga kasuwar dabbobi, ga ƙullin shuni. Sai ga tsofaffin nan sun naɗe ƙafar wando, sun tuɓe riguna, suna kwaɓa da ƙafa suna waƙar aiki da ban ƙara ji ba tun ina yarinya. Baba ya kira gayya.

Na fita na ce, "Baba, me ake yi haka?"

"An ce a gyara, Uwata. Gyara muke yi."

Ban hana ba. Na farko, a ganina motar da za a ja a zubar, a yi mata duk abin da aka ga dama. Na biyu, tun rasuwar mahaifiyata ban ga Baba yana ba da umarni da irin wannan murya ba, kuma abin ya yi mini daɗi. Na koma ciki na ɗora musu tuwo, don ba a gayya da yunwa.

Ramukan tsatsa suka fara cikewa da laka, suna shafa ta da tafin hannu har ta kwanta. Da suka ga ta kama, sai suka bi gefe ɗaya gaba ɗaya da yaɓe, suka zagaya ɗaya gefen. Tayoyi sun ba su haushi, suka ce ƙura ke shiga ta ƙarƙashi, suka rufe su da ɗan gini. A bakin ƙofa suka yi dakali don masu shan shayi. Baba da kansa ya zauna ya fitar da zanen dagi a saman ƙofa, da yatsunsa, yana karkata kai yana duba shi kamar mai gyara wa amarya kwalli. Wani tsoho, wanda ya fi su duka ƙarfin hali, aka ɗaga ya hau rufi, ya kafa zanko a kowace kusurwa, irin ƙahonnin nan na laka da ake yi wa gidan mai hali a ƙasar Hausa. Da ta sha iska suka bi ta da farar ƙasa tun daga sama har ƙasa. Fitilu, lamba, gilashin gaba, ba abin da ya tsira. Baba ya ce gilashin nan dama zafi yake shigo masa da shi. Gindin bango kuma aka ja masa layin shuni.

Zan faɗi gaskiya, ta yi kyau. A tsakiyar unguwar kwano da katako sai ga wani farin ɗaki tas, da ƙahonninsa huɗu. Tsofaffin mata da suka baro gida da wayonsu suka riƙa fitowa kallo. Wata maƙwabciyarmu 'yar Hausawan Sudan ta tsaya ta daɗe, ta ce haka kakarta take ba su labarin gidansu, ita ta ɗauka tatsuniya ce. Ni kaina da ban taɓa taka ƙasar Hausa ba sai da na ajiye ɗinki na fito kallo.

Da yamma umda ya biyo. Ya tsaya, ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa, ya cire tabarau ya goge.

"Ya Hajj, ina motar?"

"Ga ta nan a gabanka," in ji Baba.

"Fenti na ce a yi mata, a ga mota ce."

"Fenti ai na jirgi ne da kwanon ci. Wurin da mutum ke kwana, shafe ake masa."

Umda ya zauna a kan sabon dakalin, ya karɓi shayi, don shi ma ba ya ƙin abin daɗi. Ya ce, "Wallahi aiki ya yi kyau, ya Hajj, hannunka bai tsufa ba. Amma da can matacciyar mota ce, janwe ne maganinta. Yanzu gini ka yi a kan hanya ba izini, wannan kuma katafila ake turo masa. Sai an ga fitila, an ga lamba, an ga tana motsi."

Na ce a raina, gyaran gangar Abzinawa kenan. Tsofaffin kuwa kowa ya koma duban ƙasan kofinsa.

Da maigida ya dawo ya wuce ta sau biyu yana neman motarsa. Da aka nuna masa sai ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ba da kai nake ba." Ba yadda aka iya, sai a tayar da ita. Aka rushe ginin tayoyi, aka ba su iska, aka kankare gilashi daidai wurin idon direba, aka aro batir daga bakanike, wanda ya taho da kansa don kada a ba shi labari. Rabin unguwa ta taru. Yara suka yi ta turi suna yalla, yalla.

Ta yi tari, ta kama. Injin yana kamawa duk jikinta ya ɗau rawa, yaɓen ya tsattsage. Zankon farko ya faɗo ya tarwatse, na biyu ya biyo shi, sannan gefe guda ya zame gaba ɗaya kamar an tuɓe mata zane. Farar ƙura ta turnuƙe. Maigida ya zagaya filin da ita, tana tafe tana zubar da kanta, yara na bin ta a guje. Kowa dariya, ni ma har sai da na riƙe ciki.

Ina cikin dariyar na juya na ga Baba. Ya durƙusa a inda motar take da, yana tsintar gutsattsarin dagin nan ɗaya bayan ɗaya, yana hura musu ƙura yana zubawa a gaban rigarsa. Ba fushi a fuskarsa, kuma bai kalli kowa ba. Tausayinsa ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da muka rufe mahaifiyata. Na shiga gida, na sauko da gwangwanin adashi, na dire wa maigida a gabansa. Na ce mai feshi kam ba zai ga ko sisi ba, a sayo fenti da burushi, da hannunmu za mu yi.

Aikin ya ci mu. Kankare ragowar lakar kaɗai ya isa hukunci, don tsofaffin nan ba aikin wasa suka yi ba. Sannan goge tsatsa da samfefa, har yatsuna suka daina jin allura. Bakanike ya liƙe ramukan da guntayen kwano. Maigida ya samo jan fenti na ƙasa, irin wanda ake fara shafa wa ƙarfen jirgi, muka bi ta da shi, ta zauna kwanaki ja wur kamar an yanka rago a kanta. Launin sama kuwa sai da aka yi shawara. Maigida yana son shuɗi, wai asalinta. Ni ina son duk wanda ya fi araha. Baba ya ce fari, da layin shuɗi a gindi, kuma ba wanda ya yi masa gardama.

Da asuba muke fara shafawa kafin rana ta yi zafi, ni da mayafina ɗaure a ƙugu, matan lungu suna wucewa suna tambayata ko na bar ɗinki ne. Laimar Jidda ta hana fentin bushewa da wuri. Ƙudaje suka manne, wata kyanwa ta bar mana sawunta a rufi, ƙaramin ɗana ya jingina da bayansa, muka sha wanka da kananzir. Tsofaffin suna zaune a inuwa suna sa ido, suna cewa burushi ba haka ake ja ba, wai in laka ce da tuni an gama. Daga nesa ta fito fes. In ka matso kuwa za ka ga sawun burushi, ka gane inda na gaji da inda na yi fushi. Ƙofar kaɗai muka bari da jan fentinta, don Baba ya ce kada wanda ya taɓa masa ita.

Bayan Sallah janwen ya zo kamar yadda aka ce. Ya kwashe wata tsohuwar tasi da wata a-kori-kura da awaki ke kwana a ciki. Da ya iso kan tamu, maigida yana ciki da injin a kunne, fitilu suna haske da rana tsaka, Baba yana leƙe ta taga da kofin shayi a hannu. Mutanen suka duba lamba, suka gaishe da tsoho, suka wuce. Umda ya ce a riƙa motsa ta lokaci lokaci, don haka duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai a zagaya unguwa da ita, Baba na zaune a tabarmarsa yana ɗaga wa mutane hannu. Kuma kada wani ya ɗauka ta daina cin kuɗi. Ta ci batir, ta ci taya, ta ci keken lantarkina, har yau in aka tambaye ni zan ce ban taɓa ganin asara irin motar nan ba.

Sai da hankali ya kwanta Baba ya waiwayi ƙofarsa. Wata la'asar ya ce in kawo masa ragowar fentin da ƙaramin burushi, in riƙe masa gwangwani. Ya shafe ta fari ciki da waje, har gefe da gefe, sannan ya zana daginsa da shuɗi a tsakiya.

Na ce, "Baba, duk wannan wahala a kan tsohon ƙarfe. Da ka ce mini ɗakin ya yi maka kaɗan, ai da an san yadda aka yi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ƙanƙanta ba ce, Uwata. Tun da na baro gidan ubana nake yi wa mutane ɗaki. Na yi a Barno, na yi a Sudan, na yi a nan. In na gama in kafa ƙofa, in miƙa wa mai gida mabuɗi, in je in kwana inda aka ba ni aro. Wannan ce ƙofa ta farko da na rufe, ba wanda zan ce wa sai da safe don ya bar ni in kwana."

Ya miƙo mini burushin, ya hau, ya jawo ƙofar ya rufe don ya ga yadda ta zauna daga ciki. Fenti ɗanye, a laimar Jidda. Da aka kira magariba ya tura, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Maigida ya zo ya ja, ya girgiza, ya ce bari ya ɗauko ƙarfe ya ɓalle ta.

Baba ya zuge labule ya leƙo ta taga. "Kada ka ɓata mini aiki. Buta tana ciki, tabarma tana ciki. Ku bar ta ta bushe, ba inda za ni."

Ta taga na miƙa masa tuwonsa a daren nan.